Shayin da Na Zuba wa Mormon

Kawuna tsohon jandarma ne. Ya yi aiki a Tirmini da Garagumsa kafin ya dawo Damagaram ya zauna a Kara-Kara. Da idonsa ya yi rauni, ni na zama idonsa. Kullum in na taso daga lakwal inda nake koyarwa ana ce mini mushe, wato malam, sai in biya gidansa bayan la'asar in karanta masa littattafan binciken kisan kai, ina mayar da Faransancin Hausa, domin ya ce ya ajiye Faransanci ranar da ya ajiye kaki. Shi kuwa yana gaban gawayi yana dafa shayi. Abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa kuskuren gane mai laifi ba kafin babin ƙarshe. Ido ya tafi, in ji shi, amma kai yana nan.

Wata rana na tsinci wani littafi a wurin mai tsofaffin takardu a kasuwa. Labarin wani gari ne a Amurka, na mutanen da ake kira Mormon, inda aka tsinci gawar wani mai gona a ɗakinsa. Tun a shafi na uku marubucin ya ce addininsu ya hana su giya da taba da kofi da shayi. Nan gabana ya faɗi. Kawu mutum ne da yake cewa wanda ba ya shan shayi kada ka ba shi ajiyar ko allura. Na tabbata in ya ji haka zai ce a rufe littafin, ni kuwa labarin ya riga ya kama ni. Sai na tsallake layin.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa sai da ta yi rassa. Duk gidan da mai binciken ya shiga, ruwa ko madara ake ba shi. Ni kuma kunya ta kama ni a madadinsu, baƙo guda a sallame shi da ruwa! Sai in ce an kawo masa shayi. Kafin mako ya ƙare na shayar da garin kaf, har da limaminsu. Kawu yana gyaɗa kai yana cewa, "Mutanen kirki ne, sun san baƙo."

Da muka zo babin ƙarshe ya ɗaga hannu, kamar yadda ya saba. "Tsaya, mushe. Ƙanen mamacin ne. Gona yake so."

Na karanta. Ba ƙanen ba ne. Wani baƙo ne da ya shigo garin yana cewa shi ɗan'uwansu ne a addini. Abin da ya tona shi kuwa kofi ne mai guntun shayi da aka gani kusa da gawar, a garin da ba mai sha sai shi. Kofin nan na karanta wa Kawu shi tun ranar farko, amma me zai gani a kofi ɗaya cikin garin da na cika da butoci?

Shayin ya tafasa har ya zube a kan gawayi Kawu bai ɗauke ba. Can ya ce, "To, ɗana, kan ma ya bi idon."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na buɗe shafi na uku na karanta masa layin da na ɓoye, na kuma lissafa masa duk gidajen da na kai wa shayi da hannuna.

Ya sa na maimaita layin sau biyu. Sai ya bushe da dariya har da buga cinya. "Shaidar zur! A gidana! Da ka faɗa mini wannan, tun ranar Litinin da na ɗaure baƙon nan." Ya ƙwala wa matarsa kira, "Hajiya, fito ki ji! Kaina lafiya lau, shaida ne ɓatacce!"

Ya sake ɗora butar, ya zuba na farko mai kumfa, ya kurɓa shi kaɗai. Ni kuwa ya tura mini moɗar ruwan randa.

"Sha, mushe. Kwana bakwai kai Mormon ne. Ɗauko littafin mu koma shafi na ɗaya, kuma abin da aka rubuta za ka faɗa."