Zaren hula a kan madannan Malam

Shekarun baya, muna sabon zama a Dutsin-Ma, maigidana ya faɗi a mashin a hanyar Kurfi, hannun dama ya karye. Mai ɗori ya ɗaure shi da karare, ya ce ko cokali ya ɗaga da shi, kada ya dawo wurinsa da kuka.

Sana'ar Malam rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a daidai lokacin wasu mutanen Katsina suka ba shi aikin da ya daɗe yana nema. Sun ce Juma'a suke so, in ba zai iya ba akwai mai jira. Ni kuwa firamare na tsaya, ɗinkin hula nake a tsakar gida, amma kunnena ya san ƙarar madannan kwamfutarsa kamar yadda na san dakan maƙwabta. Rannan sai na ji ƙarar ta koma ɗingishi, ƙwas, shiru, sai tsaki.

Na leƙa na ce, "Malam, da wa ake faɗa?"

Ya ce mani rubutu da hagu ba shi ne matsalar ba. Abu uku ne ke kashe shi. Akwai madannan da yake haɗawa manhajar rubutun ta kawo mashi bayanin umarni in ya manta, akwai na tsallakawa inda aka rubuta umarnin tun asali ya ga cikinsa, sai na dawowa inda ya baro. Duka sai da hannu biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma.

Na ce, "Ba a sake masu wuri?"

"Ana sakewa. Zaɓen ne aiki."

Ai kuwa sai daɗi ya kama ni, don awo dai nawa ne. Na ɗauko zare na auna tafin hagunsa daga ƙaramin yatsa zuwa manuni, yadda nake auna kai in zan yanka hula. Na dafe bakin zaren a kan Kwantirol, madannin da ake haɗa kowane harafi da shi, na zagaya da zaren. Duk harafin da zare bai kai ba muka sallame shi. Malam yana dariya yana cewa, "Hajiya injiniya, a yi mana a hankali."

Na ce bayani shi ne babba, a ba shi Q, ga shi can sama kamar mai unguwa. Ya sa. Bai faɗa mani W da ke maƙwabtaka da Q shi ke rufe shafi ba, ni kuma ina zan sani? Kafin la'asar yatsa ya zame, shafi ya rufe da aikin da bai adana ba. Ya dube ni, na dubi zare. Na ce tuwo na ƙonewa, alhali ko wuta ban hura ba.

Daga madafar na kasa kunne, don in Malam na aiki da baki yake faɗin abin da yake dannawa. Sai na lura duk tsallakawa ɗaya sai ya dawo, wani lokacin dawowar ma ta fi yawa, bayanin kuwa jifa-jifa. Na fito da muciya a hannu na ce, "Malam, wanda ka fi aike shi ake ajiyewa a bakin ƙofa. Ka ba dawowa wuri mafi kusa." Ya ce shi ma ya ga haka, amma ya ƙara da nashi: kada a sa komai kusa da mai rufewa. Dawowa ta samu D, tsallakawa F, bayani ya koma R. Na ɗiga ƙaro a kan kowanne don yatsa ya gane su ba sai ido ya duba ba.

Washegari ƙarar ta miƙe, har allurata na bin kiɗan. Ranar Juma'a kafin kiran salla ya tura aikin, ya fito tsakar gida yana ɗaga hagu kamar ɗan dambe.

Abin da ya zauna mani shi ne, kayan aiki ma hula ne, sai an auna mai shi. Hannu ya warke tuntuni, amma Malam bai maido madannan ba. Har yau da hagu yake tsallakawa ya dawo, dama na riƙe da kofin shayi. In wani abokinsa ya zauna a kwamfutar, madannan suka rikita shi, sai in ji Malam daga ɗaki yana cewa, "Tambayi tela, tana tsakar gida."