Ranar da Inna ta hau dutse daga kan tabarma

Wani abokin aikina ɗan Tsafe ne ya ara mini na'urar gem ɗinsa, irin wasan da ake haɗawa da talabijin, da zai tafi kwas. Ni gem ɗin ƙwallo kawai na sani. Wannan kuwa, yana buɗewa sai na ga mutum tsaye a bakin daji, ba alƙali, ba agogo, ba wanda ya ce mini ga inda zan nufa. Na yi ta tafiya ina jiran in ci karo da bango, ban ci ba.

A makon ne Inna, mahaifiyata, ta zo Gusau daga Bungudu ganin likita saboda ciwon gwiwa, ta sauka gidana. Wata rana bayan la'asar ina cikin wasan, ita kuma tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ɗaga kai ta dubi talabijin.

"Wanga mutum ina za shi?"

Na ce duk inda na ga dama.

"To, kai shi bisa dutsen can."

Dutsen yana can nesa, shuɗi-shuɗi. Na ɗauka zane ne kawai aka yi don ado, amma na nufe shi. Muka ratsa ciyawa mai kaɗawa, muka tsallake rafi, barewa ta zabura a gabanmu. Inna ta ajiye tiren gyaɗar. Ta ce in bi ta gefen da ruwa ke gangarowa, nan ne dutse ke da sauƙin hawa, haka suke yi a Kwatarkwashi tun tana yarinya. Na bi, mutumin ya faɗo. Muka sake ta wani gefen.

Da muka kai ƙololuwa, sai ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, rana tana faɗawa cikinsa. Ni da ita ba wanda ya taɓa ganin teku. Na saki maɓallan, iska tana kaɗa rigar mutumin.

Can ta tambaya a hankali, "Mutane sunka yi duk wanga?"

Na ce mutane ne, a zaune a ofis.

"Allah mai iko. Wanda Ya ba su basirar fa?"

Aka kira magariba, na kama ta ta miƙe. Tana alwala ta ce kada in kashe, ta hango wani ƙauye a bakin ruwan, tana son ta ga abin da suke nomawa.