Kwamfutar da Ta Riga Ni Zuwa

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horon malamai aka ba ni aikin bincike: in zaga makarantun firamare na yankinmu, Illela, in gano yadda suke koyarwa da na'urorin zamani. Malamin da ke duba aikin ya gargaɗe ni cewa in ya kama ƙarya ko ɗaya a ciki, sai na maimaita shekara. Ni kuwa ƙarya ba ta dame ni ba, yin magana da manya ne ke sa ni gumi.

A Amarawa hedimasta ya shimfiɗa mini darduma, ya yaye wani zane a kan tebur, sai ga kwamfuta. Irin ta Ƙonni ce, can Nijar, haruffanta a jere irin na Faransanci, murfinta da tabon shayi. Na rubuta duk wannan, domin rubutu ya fi mini sauƙi a kan ɗaga ido.

Washegari a Lafani aka yaye mini wani zanen. Haruffan Faransanci, tabon shayi. Na sunkuyar da kai na yi godiya. A makaranta ta uku ma na tarar da ita, da sauran ɗumin rana a jikinta, ɗan kabu-kabun da ya kawo ta yana shan ruwa a gindin bishiyar bedi.

Na gane abin. A garinmu in baƙo zai zo, ana aro darduma da kwanukan maƙwabta don a fita kunya. Ni ne baƙon. Amma in rubuta uku, ko in rubuta ɗaya? Hedimastan makarantar nan ta uku abokin mahaifina ne. Na daɗe ina murza biro kafin na ce, "Baba, wannan kwamfutar kamar na san ta."

"Awo, ɗana, ita ma ta san ka," in ji shi. "Gobe ina zaka?"

"Darna, Baba."

"To ka tai da ita, ka hutar da mai mashin. Ka bari su shiga da ita tukuna, kahin ka yi sallama."

Haka na isa Darna da ita a cinyata, na miƙa ta ta taga, na tsaya a waje har aka lulluɓe ta.

A rahotona na rubuta kwamfuta ɗaya, makarantu huɗu. Malamina ya tambayi hujjata. Na ce da hannuna na kai ta. Ya kalle ni, sannan ya sa hannu a rahoton.