Tiyon da Baba ke tsotsa

Ciwon cikin Baba ya fara ne a shekarun da yake jan motar auduga daga Malumfashi zuwa gidan gurza a Funtua. Da ya ci abu mai maiƙo sai ya dafe ƙahon zuci, ya duƙa kan gwiwoyinsa, ya ce kamar ana soka masa ƙarfe yana ɓullowa ta baya. Ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa.

Innarmu kuwa ta riga ta gama shari'a: sammu ne. Wa ya yi? Wa kuwa in ba maƙwabciyarmu ba, Bayarabiya mai shagon kwanuka, wadda duk Lahadi in ta dawo coci sai ta aiko mana da shinkafa da miyar manja.

"Ke ba ki lura ba?" in ji Inna. "Duk ranar da kwanon nan ya shigo, ranar yake murƙususu."

Gaskiya ne kuma, na lura. Muka koma juye wa kaji abincin a ɓoye. Kaji suka yi ɓul-ɓul abinsu. Inna ta ce ai da sunansa aka haɗa, me zai yi wa kaza?

Da abin ya ƙi, aka kai shi asibiti a Zariya, na bi su. Likitan bai tambayi maƙiya ba, sana'a ya tambaya.

"Malam, kana shaƙar hayaƙin mota? Kana taɓa man gas?"

Baba ya yi dariya. Taɓawa? Da baki yake zuƙo shi ta tiyo daga duro, da fetur yake wanke hannu.

Likita ya ce akwai wata tsoka bayan tumbi mai narkar da maiƙo, ita ce ta kumbura. Ya ce mai yiwuwa jiki ne ke ta faman wanke dafin man, wankin kuma yana barin wani abu mai ƙona tsokar a hankali. Ya ce a bar tiyo, a rage maiƙo.

A mota Inna ta taɓe baki. "Mai yiwuwa! Duk direbobin Funtua ba sa tsotsa? Shi kaɗai man ya gani?"

Daga nan ta ƙara tsaro. Ita ke tuƙa tuwonsa, ta rufe, ta ɗaure da ƙyalle, ta ce kar in tsaya ko gaisuwa a ƙofar matar nan.

Wata rana na kai masa tuwon tasha. Na tarar da shi a tsugune, tiyo a baki. Ya tofar, ya zuba fetur ya murje hannu, ya kwance ɗaurin Inna ya sa hannun a tuwo. Raina ya ɓaci, wallahi har na ji hawaye.

"Baba, likita fa ya hana."

"To wa zai tsotsa mini?" ya ce, yana ci.

Bai kai kakar auduga ta gaba ba. Maƙwabciyarmu ta zo gaisuwar rasuwa hannu rabbana, ba kwano, ta zauna bakin ƙofa tana kuka. Inna ba ta ce mata shigo ba.