Lahadin da Na Tashi Cikin Baƙi

Shekara talatin da 'yan kai muka yi a Samaru, a gidan ma'aikata, maigidana yana aikin lambu. Da ya yi ritaya aka ce mu ba da makulli. A-kori-kura ɗaya ta kwashe mu zuwa Dogarawa, da gado da turmi da akwatunan ƙarfe. Tuluna kuwa ban yarda an ɗora shi a baya ba. A cinyata ya zo, naɗe da zani.

Ba tulun ruwa ba ne, shi nake bugawa a zumuntar mata ta majami'a. Ban yi boko ba, ban san lambar waƙa a littafi ba, amma a Samaru ba a ɗaga murya sai na saukar da soson kiɗa a bakin tulun nan.

Lahadin farko a sabuwar majami'a, sakatare ya ce, "Baƙi su tashi mu san su." Haka ake yi: wanda ya tashi a rubuta sunansa, cikin mako mata su je gaishe shi. Maigida ya tashi, ni na gyara zama. Ni da na haifi shida a Zariya, na binne ɗaya, in miƙe tare da 'yan makaranta a ce mini baƙuwa?

To, ba wadda ta zo. Ran Laraba ina jiyo kiɗansu daga ɗaki, tuluna yana bayan ƙofa gizo-gizo na saƙa a bakinsa. Sai in tuna gindin mangwaronmu na Samaru, inda muke gwajin waƙa muna ɓare gyaɗa, wata ta ɓata baiti mu yi ta dariya har tuwo ya kusa ƙonewa.

Maƙwabciyata, 'yar kudancin Kaduna mai sayar da atamfa a unguwar PZ, 'yar zumuntar sabuwar majami'ar, ta shigo aron rariya ta hango shi.

"Mama, wannan na ajiye gero ne?"

"Ya girme ki a zumunta," na ce.

"To me ya hana shi zuwa? Ƙafa ke masa ciwo?"

"Ba a gayyace shi ba."

"Mu ma muna ta kallonki. Muka ce matar nan ko sunanta ba ta so mu sani, kada mu je ta kore mu." Ta ɗauki rariyar, ta tsaya a bakin ƙofa. "Ni a asibitin nan na Sabon Gari aka haife ni, Mama, kuma sai da na tashi."

Lahadi ta zo. Na ɗaura zanen zumuntarmu na Samaru, wanda ya koɗe. Da sakatare ya yi kira na dafa benci na miƙe.

"Mama, daga ina?"

"Daga Samaru."

Dariya ta tashi, don bas ɗaya ce tsakaninmu. Ni ma ta kufce mini.

Ran Talata matan zumunta suka cika mini ɗaki, har wasu a kan turmi. Suna da mai bugun tulunsu, yarinya ce a kaina amma hannunta da kyau, ban kuwa karɓe mata wuri ba. Gefenta aka sa mini kujera. Har yau Maman Samaru suke kirana, ina kuma amsawa.