Tabon da Ya Bi Hoton

Wata rana wani matashi mai gyaran kwamfuta, Mudassir, ya samu kira daga wani ƙaramin asibiti da ke bayan tashar garinsu.

Kwamfutar da likita ke duba hoton ƙirji da ita ce ta tsufa. Kafin ta buɗe hoto guda, sai ka sha shayi ka wanke kofin.

Mudassir ya ce ba sai an sayi sabuwa ba. Ya sauke duk abin da ke kanta, ya ɗora mata Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Nan take tsohuwa ta miƙe tana gudu.

Mai asibiti ya yi ta sa albarka. Gogan naka kuwa kai ya kumbura, har tafiyarsa ta canza.

To, akwai abin da masu gyara ke kira direban hoto. 'Yar manhaja ce da ke gaya wa sikirin, wato fuskar kwamfuta, abin da zai zana da inda zai zana shi. Wanda ya zo da Linux ɗin yana aikinsa lafiya lau, bai yi wa kowa laifi ba.

Amma Mudassir ya ga wani direban a guruf ɗinsu na masu gyara a waya, an ce ya fi sauri. Bai karanta ba, bai tambaya ko ya dace da wannan tsohuwar kwamfutar ba. Ya kwafo umarnin, ya liƙa, ya tafi abinsa.

Washegari tabo ya fara fitowa.

Fari-fari ne, kamar wani ya taɓa sikirin da yatsa mai gari. Yau yana sama, gobe yana gefe. Wani lokaci guntun hoton da aka rufe ne yake maƙalewa a kan wanda aka buɗe.

Likitar asibitin, Dakta Ummulkhairi, ta kira shi hankali a tashe. Ta ce ita aikinta neman farin tabo ne a huhun mutane, ba za ta iya da kwamfutar da ke ƙirƙiro nata ba.

Mudassir ya yi dariya, ya ce abu ne mai sauƙi. Ya koya mata dabara: ta riƙa jan hoton gefe. In tabon ya tsaya inda yake, na sikirin ne. In ya bi hoton, na mutum ne. Gyara na gaskiya kuwa, ranar Asabar zai dawo ya yi.

Asabar ta zo ta wuce. Wata ta zo, ita ma ta wuce.

Da farko Dakta tana jan kowane hoto. Amma ga layi har bakin ƙofa, ga yara na kuka, kuma duk tabon da ta ja sai ya zama na sikirin. A hankali hannu ya gaji, ido ya saba. Har suna aka sa wa abin a asibitin. Da an ga fari-fari sai a ce, ai na Mudassir ne.

Shi kuma in ya ji, dariya yake yi. Wallahi har daɗi yake ji.

Ana cikin haka kawunsa ya fara tari.

Kawu Lurwanu mai injin niƙa ne, ƙanin mahaifiyarsa, kuma shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Mutum ne da ba ya son asibiti ko a hoto. Mudassir ne ya lallaɓa shi, ya ɗauko shi a babur, yana ta cika baki cewa na'urar da za a duba shi da ita aikin hannunsa ce.

Aka ɗauki hoto. Dakta ta duba, ta ce ƙirji fes, ƙurar niƙa ce kawai. Aka ba shi maganin tari. Kawu ya dafa kafaɗar Mudassir a gaban mutane, ya ce karatun yaron nan bai tashi a banza ba.

Damina ta shigo, ta fita.

Wata safiya aka kunna kwamfuta, sikirin ya yi baƙi ƙirin, ya ƙi nuna komai. Yanzu kam babu dabara, dole Mudassir ya zo.

Ya zauna yana tsaki, ya shiga ta baƙin shafin da ake rubuta umarni, ya cire direban guruf, ya mayar da na asali. Aikin da ya yi ta ɗagawa tun kafin damina bai kai cin kwanon shinkafa ba.

Sikirin ya dawo tas.

Don ya gwada, ya fara buɗe tsofaffin hotuna. Wannan fes. Wancan fes. Sai ya ga sunan kawunsa, ya yi murmushi, ya danna.

Farin tabo, a saman huhun dama.

Ya rufe ya sake buɗewa, yana nan. Ya kashe kwamfutar ya kunna, yana nan. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, alhali ya san ba daga nan ba ne. Sannan ya kama hoton ya ja gefe a hankali.

Tabon ya biyo shi.

Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya leƙa ofis ya kira Dakta.

Ta zo ta tsaya a bayansa, ta daɗe tana kallo.

"Ba ka ce ka gyara ba?"

"Na gyara, Dakta."

"To wannan ba naka ba ne, Mudassir. Nasa ne."

Ta zauna a kujera, ta dafe kai. Ta ce laifinta ne da ta daina jan hotuna, kuma duk hoton da aka ɗauka tun ranar da tabo ya fara sai an sake duba shi ɗaya bayan ɗaya. Amma shi ya fara nemo kawunsa, yau, ba gobe ba.

Ya fita waje ya buga waya. Matar Kawu ce ta ɗauka, Inna Ladidi. Daga can ciki yana jin tarin, mai nauyi, ba irin na da ba.

Ta ce ya jima bai je injin ba, ya rame, jiya tarin har da jini. 'Ya'yansa sun yi juyin duniya a kai shi babban asibiti, ya ƙi. Ya ce ba inda za shi, tunda na'urar ɗansa Mudassir ta riga ta duba shi ta ce lafiyarsa ƙalau.

Mudassir ya lalubo makullin babur. Ya ce ta sa wa Kawu riga, ga shi nan zuwa.

Darasi:

Matsalar da ka koya wa mutane zama da ita ta fi wadda ta tsayar da aiki haɗari. Wadda ta tsayar da aiki dole a gyara ta. Ita kuwa wannan, sabawa ake yi da ita har a daina ganinta, ranar da ta gaske ta zo a wuce ta.

In aikinka ne, kada ka bar wa mutane dabara ka tafi. Ka koma ka gyara, don ba ka san wanda za a kawo gaban abin da ka bari ba.

Ka tura wa wanda ka san yana da wata Asabar da har yau bai cika ba.