Kwamfutar da Ke Kallon Bango

Shagon Mai Gyara ƙarami ne, a ƙarƙashin matakalar wani bene, inda hasken safiya ke shigowa a karkace ya kwanta a kan tsofaffin kwamfutoci kamar mage mai jin barci. A hannun mahaifinsa ya koyi gyaran rediyo, ya koma talabijin, furfura ta same shi a kan kwamfuta. Mutum ne mai magana a hankali. In ya kwance sukurori, yakan jera su a murfin gwangwani yadda ya ciro su, kuma ba ya son a taɓa.

Shi da amininsa Dogo, malamin kwamfuta a wata sakandare, suna da babbar manhaja tasu, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Kyauta ce, cikinta a buɗe, duk mai so ya duba ya gyara. Ba daga ƙasa suka gina ta ba. Wasu masu aikin sa-kai na nesa ne suka shimfiɗa tushe, su kuma suka ɗora ɗakinsu a kai, suka sauƙaƙa ta yadda tsohuwar na'ura za ta ɗauka ba nishi.

Saboda yayar Mai Gyara aka fara ta. Yaya ta yi shekaru tana buga takardu a ofis, har idanunta suka dushe, daga baya suka tafi. Yatsunta kuwa ba su manta komai ba. Mai Gyara ya sa mata murya mai karanta duk abin da ke fuskar kwamfuta, ta koma aiki. Gidan rediyo kan aiko mata da hirarraki, tana saurara tana bugawa. Da wannan take riƙe kanta, da shi take ƙin komawa ɗakin da ƙaninta ya sha yi mata tayi a gidansa.

Sai masu tushen suka sanar cewa sun gaji, za su daina kula da shi. Dole a ɗauke ɗakin a kai wani wuri.

Tushe biyu ne a gabansu. Ɗaya mai gudu, kullum da sabon abu. Ɗayan mai nawa, sai ya yi shekaru bai motsa ba.

"Mai gudun za mu ɗauka," in ji Dogo, yana zaune a kan akwatin wayoyi, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. "Makarantarmu ta sayo sababbin kwamfutoci. Wancan tsohon naka ko intanet ɗinsu bai gane ba. Ku biyu kun dace, wallahi, kai da shi."

"To, bari mu gwada."

Gwajin Mai Gyara iri ɗaya ne tun farko. Yakan juya fuskar kwamfutar ta kalli bango, ya jefa linzaminta, wato mawus, a aljihun tebur, ya ƙara sautin lasifika. Daga nan sai kunne da yatsu. Abin da bai iya yi a haka ba, a wurinsa bai yiwu ba.

Mai gudun ya ba shi mamaki. Muryarsa laushi gare ta, kamar ta mai karanta labarai, ba ta tuntuɓe a dogayen kalmomi. Ya yi kwanaki yana jin daɗinta. Ran nan sabuntawa ta sauko, ya kashe ya kunna, sai shiru. Fanka na juyawa, mai sayar da katin waya yana ciniki a waje, shi kuwa yana zaune gaban bayan kwamfuta, bai san ko ta tashi ba, ko tana jiran ya danna wani abu.

"Juyo ta mana ka gani," in ji Dogo. "Ƙaramin gyara ne."

"Ni zan iya juyo ta. Yayata fa?"

Dogo ya ce, "Amma muryar mai nawan nan, kamar ana jan kujera a kan siminti. Da wannan Yaya za ta yini a kunne?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa suka ɗauki kwamfutoci biyu, kowace da tushe ɗaya, suka kai wa Yaya da hantsi. Ɗakinta fes, buta a gefen ƙofa, flas ɗin shayi a hannun dama na tebur, inda yake kullum.

"Dogo ne? Sunkuya, kada ka fasa mini ƙwan lantarki."

"Yaya, me za ki yi da ƙwan?"

"Na baƙi ne, marasa kunya irinka."

Ta saurari muryar farko, ta yi murmushi. "Wannan ai sai a ba shi aure." Ta saurari ta biyu, ta yamutsa fuska. "Wannan kuma mura yake yi?"

Mai Gyara ya faɗa mata komai, har da shirun ranar nan, bai rage ba. Ta daɗe tana shafa madannan da tafin hannu.

"Auta, mai daɗin muryar nan, in na kwanta na tashi, zan tarar da komai inda na bar shi?"

"Yawanci, Yaya."

"Mai murar fa?"

"Kullum."

"Ba ni mai mura. Na yi aiki da shugabannin da suka fi shi munin murya. Abin da ba na so shi ne in miƙa hannu in ji wayam, in zauna jiran ka rufe shago."

Dogo ya sosa ƙeya. "Ɗalibaina fa, Yaya?"

"Ba kai ne malami ba? Koya wa tsohon ya gane sababbin kwamfutocin."

"Aikin wata da watanni ne."

"Ina za ka?"

A kan mai nawan suka ɗora. Dogo ya ɗauki nauyin sababbin na'urori, yana yi yana mita. Mai Gyara kuma ya shiga ƙoƙarin ciro muryar nan mai laushi ya dasa ta a sabon gida, kaɗan-kaɗan, tsakanin kwastoma da kwastoma. Har yau bai gama ba. Yaya ta ce kada ya yi gaggawa, ta fara sabawa da mai mura, kuma ranar da aka yi wa manhajar ƙaura ma ba ta fasa aika aikinta gidan rediyo ba.